Wardin Dimashƙu: Tsohon Furen Da Ba A Yi Masa Gaggawa

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san sunan Dimashƙu. A kan hanyar wannan birni ne Ubangiji ya tare Shawulu, mai tsananta wa masu bi, ya mai da shi Manzo Bulus. Amma ba kowa ya san akwai wani fure mai ɗauke da sunan birnin ba, wanda ƙamshinsa ya daɗe da shiga gidajenmu ko da yake yawancinmu ba mu taɓa ganin itacensa ba. Ruwan wardin da ake sayarwa a kwalba, da turaren wardi da matafiya ke kawowa tsaraba daga gabas, in dai na ainihi ne ba haɗin sinadari ba, galibi daga wannan fure aka samo su. Masana tsirrai suna kiransa Rosa damascena. Mu kuwa sai mu ce wardin Dimashƙu.

A filinmu na yau za mu duba yadda ake renon wannan fure, da inda ake nomansa, da abin da yake nema daga hannun mai lambu. Tun daga farko bari mu faɗa wa mai karatu gaskiya: itace ne mai jimiri ƙwarai, yana iya daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, amma yana da sharuɗɗansa. Wanda ya ƙi bin sharuɗɗan zai sami ganye da ƙaya, ba zai sami fure ba.

Tsohon wardi da sabon wardi

Masu lambu a ƙasashen Turai sun raba wardi gida biyu, kuma shekarar 1867 ce iyaka. A shekarar nan wani mai renon furanni a birnin Lyon na Faransa, mai suna Guillot, ya fito da wani iri da ya sa wa suna La France, wanda ake ɗauka shi ne farkon wardin zamani. Dukan dangin wardi da aka sani kafin wannan shekara ana kiransu tsofaffin wardin lambu. Wardin Dimashƙu yana cikin manyansu.

Tun daga lokacin masu haɗa iri suka duƙufa wajen neman launi mai ɗaukar ido, da dogon kara miƙaƙƙe, da furen da zai yi kwanaki a cikin kwalba bai yanƙwane ba. Sun kuwa samu. Wardin da ake nomawa a bakin tafkin Naibasha na Kenya da kuma ƙasar Habasha, ana ɗora shi a jirgin sama zuwa kasuwannin Holan, yana isa kamar yanzu aka tsinke shi. Sai dai a garin neman wannan, da yawa daga cikin irin sun rasa ƙamshi. Mutum zai karɓi dami mai kyan gani a wurin biki, ya kai hanci, ya ji shiru. Wardin Dimashƙu bai shiga wannan tsere ba. Furensa ba ya jure tafiya, kwana ɗaya ko biyu ya zube, amma itace guda in ya yi fure, duk tsakar gida sai ta sani. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kamanninsa da asalinsa

Itace ne mai rassa da yawa daga gindi, tsawonsa yakan kai mita 1 da rabi zuwa mita 2. Rassan suna da ƙaya manya da ƙanana, suna kuma ranƙwafawa idan fure ya yi musu nauyi. Ganyensa kore ne mai ɗan duhun toka, yawanci biyar a kan kara ɗaya. Furen ruwan hoda ne, ba ja wur ba, yana fitowa rukuni-rukuni. Irin da aka fi nomawa domin turare yana da falle kamar 30 a kowane fure, shi ya sa aka yi masa laƙabi da mai falle talatin. Masu sayar da dashe a Turai suna kiransa Kazanlik, da sunan wani gari a Bulgeriya.

Ba a samun wannan wardi a daji yana tsiro da kansa. A shekarar 2000 wasu masana a Japan suka bincika ƙwayoyin gadonsa, suka gano cewa jinin wardin daji iri uku ne ya haɗu a jikinsa: ɗaya na Turai da yammacin Asiya, ɗaya mai farin fure mai ƙamshin miski, na ukun kuma daga duwatsun tsakiyar Asiya. Wato tun zamanin da ba a rubuta ba wani mai lambu ya ga wannan haɗi, ya ji ƙamshinsa, ya yanki reshe ya dasa. Daga hannu zuwa hannu, daga lambu zuwa lambu, aka yi ta miƙa shi har ya iso gare mu. Itatuwan da ke gonakin Bulgeriya da Turkiyya yau kusan duk jikokin reshe ɗaya ne.

Ƙasashen da suke cin abinci da shi

A Bulgeriya akwai wani kwari a gindin duwatsun Balkan da ake kira Kwarin Wardi, inda garin Kazanlak yake. Daga tsakiyar watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni ake tsinkar fure, kuma tun 1903 ake yin bikin wardi a garin. A Turkiyya lardin Isparta ne cibiyar noman, wanda ya kafu a can wajen ƙarshen ƙarni na 19. Waɗannan ƙasashe biyu su ne kan gaba a duniya wajen man wardi. A Iran kuwa, garin Ƙamsar kusa da Kashan ya yi suna da ruwan wardi. Akwai kuma Kelaat Mguna a kudancin Maroko, da Kannauj da kewayen Aligar a arewacin Indiya.

Maƙwabtanmu Musulmi da suka je aikin hajji sun san sunan Ɗa'ifa, garin da ke kan dutse gabas da Makka, tsayinsa daga teku ya kai mita 1,800. A can ana tsinkar wardi a watannin Maris da Afrilu, kuma da ruwan wardi gauraye da na Zamzam ake wanke ɗakin Ka'aba. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun noman wardin Ɗa'ifa cikin jerin kayan gadon 'yan Adam.

Abin da ya sa man wardi yake da tsada shi ne, sai an tara fure kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a sami kilo 1 na mai. Kuma duk da hannu ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, a cikin ƙaya, tun da asuba. Akwai wani sinadari a cikin man da masana suka raɗa wa suna damaskenon, daga sunan furen. Ɗan kaɗan ne ƙwarai a ciki, amma yana daga cikin abin da ke ba wardin ƙamshin da hanci ke ganewa nan take.

Manoman Siriya

A ƙasar da furen ya ɗauki sunan babban birninta, noman ya sha wuya. Arewa da Dimashƙu, a duwatsun Ƙalamun, akwai wani ƙauye mai suna Al-Marah wanda mutanensa suka gaji noman wardi kaka da kakanni. A yankin nan ne kuma garin Ma'alula yake, inda har yanzu ake jin harshen Aramiya, dangin harshen da Yesu ya yi magana da shi. A watan Mayu iyali duka sukan fita gona, maza da mata da yara. Matan ƙauyen suna yin ruwan wardi, da wani abin zaƙi na shafa wa burodi, da abin sha, suna kuma shanya furen da bai buɗe ba domin shayi.

Yaƙin da ya ɓarke a Siriya a 2011 ya isa duwatsun Ƙalamun. Manoma da yawa suka bar gonakinsu, man fetur na ban ruwa da na dafa fure ya yi wuya, hanyoyin kai kaya waje suka toshe. Noman ya ja baya ƙwarai. Duk da haka waɗanda suka dawo sun koma ga itatuwansu, kuma a 2019 UNESCO ta sa sana'ar wardin Al-Marah a jerin kayan gadon duniya. Idan muna addu'a domin 'yan'uwanmu masu bi na Siriya da maƙwabtansu, mu tuna cewa ba labarin bindiga kaɗai ke can ba. Akwai manoma irin namu, masu jiran watan girbi domin su biya bashi su aurar da 'ya'ya.

Wardi a cikin sujada

Ikkilisiyoyin gabas, irin su na Girka da na Antakiya, suna amfani da wannan ƙamshi a sujadarsu. A ranar Juma'ar da ake tunawa da mutuwar Ubangiji, sukan shimfiɗa wani ƙyalle mai hoton jikinsa a kan makara, su lulluɓe ta da furanni, firist ya yayyafa ruwan wardi a kanta da kan jama'a, domin tunawa da kayan ƙamshin da aka kai kabari. Man wardi kuma yana cikin abubuwan da suke haɗawa a man shafewa mai tsarki. Wannan ya nuna mana cewa renon fure domin ɗakin sujada ba aikin marasa aikin yi ba ne. Hidima ce kamar sharar majami'a da wankin tufar bagadi.

Sharaɗi na farko: sanyi da hutu

Mai karatu ya lura da wuraren da muka ambata. Kusan dukansu kan tudu ne ko gindin dutse, wuraren da ake sanyi sosai wani sashe na shekara, sa'an nan rana ta fito da ƙarfi. Wardin Dimashƙu yana jure sanyin ƙanƙara, yana jure fari idan saiwarsa ta kama, yana haƙuri da ƙasa mai tsakuwa. Abin da ba ya yi shi ne fure ba tare da ya huta ba. Sai ya sami watannin sanyi ya zubar da ganye ya yi kamar ya mutu, sa'an nan ya farka ya ba da furensa gaba ɗaya cikin mako 3 zuwa 4. Shi ke nan sai baɗi.

Wannan shi ne abin da ke ba mutane da yawa haushi. Sun saba da wardin zamani mai fure kusan kowane wata, sai su ga wannan ya yi wata 11 babu kome, su ce ba shi da amfani su sare. Akwai dai wani ɗan'uwansa da Faransawa ke kira mai lokuta huɗu, wanda yakan sake ɗan fure bayan na farko, amma ko shi babban furensa sau ɗaya ne.

Wuri da rami

A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini, musamman hantsi, kuma iska na ratsawa. Kada a dasa a ƙarƙashin babbar bishiya, domin za ta ƙwace masa rana da ruwa. Ƙasar da ya fi so ita ce mai ɗan yashi da ɗan laka, wadda ruwa ba ya kwana a cikinta. Ga gwaji mai sauƙi: a haƙa rami, a cika shi da ruwa da yamma. In da safe an tarar da ruwa kwance, wurin bai dace ba, sai dai a yi kunya mai tudu a dasa a kai. Saiwar wardi ta fi tsoron kwanan ruwa bisa ga ƙishi.

Ramin ya zama rabin mita a faɗi, rabin mita a zurfi. A gauraya ƙasar da aka fitar da bokiti 1 ko 2 na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sarai ya zama kamar baƙar ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma gayyato gara. Tsakanin itace da itace a bar mita 1 zuwa 1 da rabi, don yana buɗewa. Wanda ke son shinge yana iya matso da su kusa, kuma shingen wardi ba ya ƙetaruwa da sauƙi. Amma kafin ya girma shi kansa yana bukatar shinge, gama akuya ba ta jin tsoron ƙayar wardi, tana son tohonsa kamar me.

Yadda ake samun dashe

Ba a shuka shi da ƙwaya, domin abin da zai fito ba zai gaji uwar ba. Hanyoyi uku ne, kuma duk manominmu ya san irinsu.

Ta farko ita ce yankan reshe kamar yadda ake dasa rogo. A zaɓi reshen da ya ƙosa, mai kaurin fensir, a yanka tsawon santimita 20 zuwa 25, a cire ganyen ƙasa. A soka kashi biyu cikin uku a ƙasa mai yashi a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kada ta bushe kada kuma ta jiƙe sharkaf. Ba duka ke kamawa ba, don haka mai son itace 3 ya soka 10. Kada a riƙa ciro su ana duba ko sun yi saiwa. Ganyen farko ma ba shaida ba ne, sau da yawa ƙarfin da ke cikin reshen ne ya fito. A ba su watanni.

Ta biyu ita ce raba 'ya'ya. Itacen da ke kan saiwarsa yakan fitar da tsiro daga ƙarƙashin ƙasa a gefen gindi, kamar ayaba. A haƙa ɗaya tare da saiwarsa a lokacin da itacen ke hutu, a mayar da shi sabon rami.

Ta uku ita ce kwantar da reshe. A lanƙwaso dogon reshe zuwa ƙasa ba tare da an yanke shi ba, a ɗan kankare ɓawonsa a inda zai taɓa ƙasa, a binne wurin, a danne da dutse, a bar kan reshen a waje. Uwar za ta ci gaba da ciyar da shi har ya yi saiwar kansa, sa'an nan a yanke a dasa. Wannan ita ce hanyar da ta fi tabbas ga wanda bai saba ba. Manoman Bulgeriya na dā suna da wata dabara mai kama da ita: sukan sare tsofaffin rassa dogaye, su jera su kwance a cikin kwari, su rufe da ƙasa, sai jerin sababbin itatuwa ya tsiro daga jikinsu.

Amfanin tsayawa kan saiwar kai

Yawancin wardin zamani da ake sayarwa ɗan aure ne, kamar mangwaro mai aure: sama iri dabam, gindi iri dabam. Yana saurin girma da saurin fure. Amma in wuta ko dabba ko fari ya kashe saman, abin da zai toho daga ƙasa shi ne gindin da aka aura masa, mai ƙaramin fure marar daraja. Wardin da aka samu ta hanyoyi ukun nan kuwa, daga saiwa har fure abu ɗaya ne. Ko an sare shi ƙasa-ƙasa, shi ɗin ne zai dawo.

Akwai shaida a kan wannan a birnin Hildesheim na Jamus. A jikin bangon babbar majami'ar birnin akwai wani wardin daji, ɗan'uwan namu na nesa, wanda masana ke ba shi shekara 700 ko fiye. Ranar 22 ga Maris 1945, a Yaƙin Duniya na Biyu, bama-bamai suka rushe majami'ar, itacen ya ƙone, ɓaraguzai suka binne gindinsa. Bayan mako 8 sai ga sababbin tsiro sun keto daga ƙarƙashin ɓaraguzan. An sake gina majami'ar, wardin kuma yana nan yana fure kowace shekara. Abin da ya cece shi ba ya ganuwa ga mai wucewa, yana cikin ƙasa.

Ban ruwa, taki da aski

A shekarar farko dashe yana bukatar ruwa a kai a kai. Gara a ba shi bokiti guda cikakke sau 2 a mako da a riƙa yayyafa masa kofi kullum, domin ruwa mai zurfi ne ke jan saiwa ƙasa. A zuba a gindi, da safe, kada a jiƙa ganye. A rufe kewayen gindin da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima, amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da jikin itacen. Taki sau ɗaya a shekara ya isa, daidai lokacin da zai farka daga hutu. Takin zamani mai yawa yana sa ganye ya yi yabanya, fure ya ragu, ƙwari su taru.

Wajen aski ne aka fi yin ɓarna. Furen wardin Dimashƙu yana fitowa ne a kan 'yan gajerun rassa da ke tohowa daga jikin rassan bara. Wanda ya ɗauki adda ya daddatse shi ƙasa gab da lokacin fure, ya zubar da furen shekarar da hannunsa. A shekara 2 na farko kada a taɓa shi sai dai cire abin da ya bushe. Daga nan, babban aski a lambun gida sai bayan fure ya ƙare: a rage tsawon dogayen rassa da kamar kashi ɗaya cikin uku, a cire waɗanda ke gugar juna, a buɗe tsakiya iska ta shiga. Kowace shekara a sare tsohon reshe 1 ko 2 daga gindi, waɗanda suka yi baƙi suka daina ba da fure, domin sababbi su sami wuri. Wuƙa ko almakashi su zama masu kaifi da tsabta.

Fure na kirki sai shekara ta 3. Daga nan kuwa, in ana kula da shi, yana iya yin shekara 20 ko 30 yana bayarwa.

Abokan gaba

Darɓa takan taru a kan sabon toho da furen da bai buɗe ba. Ruwan sabulu marar ƙarfi, ko ruwan da aka jiƙa dakakken 'ya'yan dogonyaro a ciki, yana maganinta in an fesa da yamma. Akwai ciwon baƙin ɗigo a ganye wanda laima ke kawowa, da wani farin gari-gari kamar an barbaɗa alli, da tsatsa mai ruwan lemo a bayan ganye. Maganinsu na farko shi ne tazara da iska, da tsince ganyen da ya kamu a ƙone, kada a bar shi a gindi. Tsohon wardi yakan kamu ya warke, ba kasafai waɗannan ke kashe shi ba. Duk wanda ke nufin yin abin sha ko ruwan wardi da furensa, kada ya kusanto da maganin ƙwari na kanti.

Tsinka da ruwan wardi

A duk ƙasashen da muka ambata, masu tsinka suna shiga gona tun kafin fitowar rana, su tashi wajen ƙarfe 10. Dalili kuwa, man ƙamshin yana cikin fallayen furen, kuma zafin rana yana kwashe shi. A tsinki furen da ya buɗe a safiyar nan, a yi aiki da shi a ranar.

Uwargida na iya yin ruwan wardi da tukunyarta. A sa tsabtataccen dutse mai faɗi a tsakiyar babbar tukunya, a ɗora ƙaramin kwano a kai. A zuba fallayen fure kewaye da dutsen, a zuba ruwa daidai ya rufe su. A kifa murfin tukunya a juye, mariƙinsa yana kallon kwanon, a zuba ruwan sanyi a cikin kwarin murfin. A sa wuta kaɗan-kaɗan. Tururi zai tashi da ƙamshin, ya bugi murfi mai sanyi, ya ɗiga cikin kwano. In ruwan saman murfi ya yi ɗumi a kwashe a sake wani. Abin da ya taru a kwano shi ne ruwan wardi, fari tas kamar ruwan sha. A zuba a kwalba mai tsabta a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Manyan tukwanen tagulla na Ƙamsar da Ɗa'ifa wannan aikin dai suke yi, girma ne kawai ya bambanta.

To, a ƙasarmu fa?

Wuraren da suka fi kusa da abin da wannan itace ke so su ne tuddanmu masu sanyi: Filaton Jos mai tsayin mita 1,200 ko fiye, inda masu lambu suka daɗe suna renon wardi iri-iri, da tsaunin Mambila wanda ya fi shi tsayi. Wanda zai gwada a can ya ɗauki hunturu a matsayin lokacin hutun itacen. Manoman wardi a arewacin Indiya suna janye ruwa na ɗan lokaci a farkon sanyi domin su tilasta wa itace ya huta, sa'an nan su yi taki su koma ban ruwa. Itacen da ya riga ya kafu ne ake yi wa haka, ba sabon dashe ba. Damina mai yawan ruwa kuma ita ce lokacin sa ido a kan ciwon ganye.

A ƙasa mai zafi shekara duka, kada Zumuntar Mata ko ƙungiyar matasa ta zuba kuɗinta a kan wannan iri da sa ran cika bagadi da fure. Akwai jikansa da ya fi jure zafi. A tsibirin Reyuniyon da ke tekun Indiya, a farkon ƙarni na 19, wardin Dimashƙu mai lokuta huɗu ya haɗu da wani wardin ƙasar Sin, aka sami irin da ake kira wardin Edward. Ya gaji ƙamshi daga ɗaya, ya gaji yawan fure daga ɗayan, kuma a kudancin Indiya mai zafi ana nomansa domin ado da ruwan wardi.

Shawara mafi sauƙi ita ce wannan. Wanda ya san wani tsohon wardi mai ƙamshi a harabar tsohuwar mishan, ko makaranta, ko gidan wata tsohuwa, wanda ya yi shekaru babu mai kula da shi amma bai mutu ba, to ya sami abin da ya fi na kanti. Wannan itace ya riga ya ci jarrabawar ƙasarmu. A nemi izinin mai shi, a kwantar da reshe, a raba wa 'yan'uwa, kafin wani ya zo gini ya tumɓuke shi. Dashe daga ƙasar waje kuwa ba a ɓoyo shi cikin jaka, sai da izinin hukumar da ke duba tsirrai, domin kada a shigo wa manoma da cuta.

Furen roba ya cika majami'unmu, ba ya son ruwa, ba ya son taki, ba ya kuma ba da kome sai ƙura. Ikkilisiyar da ke da ɗan fili a bayan ɗakin sujada tana iya ba 'yan ajin baftisma ramuka biyu ko uku su kula da su. Za su koyi haƙa da ban ruwa, za su sha sukar ƙaya, za su jira shekara 3 kafin su ga abin da suka yi wa wahala. Yaron da ya koyi wannan jira a gindin itace, ba zai yi mamaki ba in aka gaya masa cewa bangaskiya ma daga saiwa take farawa, kuma tana da lokacin da ba a ganin kome a sama.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya ba manoman Siriya da namu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.